Digiri Na Biyu Na Bincike A Fannin Kwamfuta: Me Ake Yi A Cikin Shekaru Biyun Nan?

A gidaje da yawa na zangunanmu, daga Nima da Mamobi har zuwa Aboabo da Tamale, akwai wata magana da kan taso bayan yaro ko yarinya sun gama jami'a, sun kuma kammala hidimar ƙasa ta shekara guda. Iyaye sun zuba ido suna jiran a kawo takardar kama aiki, sai yaro ya zo ya ce zai koma makaranta ya yi MPhil a ilmin kwamfuta, kuma shekara biyu zai ɗauka. Uba ya tambaya wane karatu ne kuma ya rage, yaro ya yi ta kame-kame, don shi kansa bai gama sanin abin da zai tarar a can ba. Daga nan wasu iyayen kan hana, wasu kuma su biya kuɗi ba su san abin da suka saya ba. Saboda haka muka ga ya kamata a wannan wata mu warware wa masu karatu yadda wannan digiri yake, tun daga neman shiga har ranar kare kundi.

DIGIRI NA BIYU IRI BIYU NE

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, digiri na biyu ba iri ɗaya ba ne. Akwai na darussa, wanda a nan Ghana aka fi kira MSc. Ɗalibi yana shiga aji, malamai su koyar, ya rubuta jarrabawa, a ƙarshe ya yi ɗan gajeren aiki ya miƙa. Yakan ɗauki shekara guda ko shekara da 'yan watanni, kuma an tsara shi ne don ma'aikaci mai son ƙara ƙwarewa, kamar mai kula da kwamfutocin banki ko na kamfanin waya.

Akwai kuma na bincike, wanda ake kira MPhil, shi ne abin da muke magana a kai. Jami'ar Ghana da ke Legon da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi duk suna yin sa a sassansu na ilmin kwamfuta. Shekara biyu ne ga mai karatu cikakken lokaci: ta farko ta darussa, ta biyu kuma gaba ɗayanta ta bincike da rubuta kundi. A digiri na farko ana tambayar ɗalibi abin da aka riga aka san amsarsa, malami yana riƙe da amsar a aljihu. A MPhil kuwa ɗalibi ne zai nemo tambayar da ba a amsa ba tukuna, ya amsa ta da hujjar da wani masani zai iya bi ya tabbatar. Wannan shi ne dukkan bambancin, sauran abubuwa daga nan suka fito.

Sunayen kan sauya daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka kada suna ya ruɗi mutum. A Nijeriya, a jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano, digirin da ake kira MSc yana da kundin bincike a cikinsa. A Kanada ma akwai MSc mai kundi na shekara biyu, alhali a Ingila MSc galibi na darussa ne na shekara ɗaya. Maƙwabtanmu masu bin tsarin Faransa, watau Togo da Burkina Faso da Kwaddibuwa, suna yin digiri na biyu cikin shekara biyu bayan na farko mai shekara uku. Tambayar da za ta raba gardama a ko'ina ita ce: wata nawa aka ware wa bincike, kuma wa zai duba kundin?

SHARUƊƊAN SHIGA

Galibi ana neman digiri na farko mai kyau, daraja ta biyu ko sama da haka, a ilmin kwamfuta ko wani fanni na kusa da shi kamar lissafi, ƙididdiga ko injiniyan lantarki. Za a nemi takardar sakamakon dukkan darussan da mutum ya yi, da wasiƙun shaida daga malamai biyu ko uku da suka san aikinsa, da kuma 'yar takarda da zai bayyana abin da yake son ya bincika. Wasu sassan kan kira mutum ganawa ta baki ko su yi masa jarrabawar shiga.

Wanda ya gudu daga lissafi a digiri na farko ya sani zai sake gamuwa da shi a nan, musamman aljabara ta jadawalin lambobi, da lissafin yiwuwar aukuwar abu, da ƙididdiga. Iya rubuta manhaja kaɗai ba ya isa. Haka nan tilas Turancin mutum ya kai na karanta maƙalar masana mai shafi goma sha biyar ya fito da abin da ta ce da abin da ta kasa tabbatarwa.

Kafin a biya ko sidi ɗaya, a tabbata cewa Hukumar Kula da Manyan Makarantu ta Ghana, watau GTEC, ta amince da wannan kwas ɗin kansa. An kafa hukumar a 2020, ita ke tantance kwasa-kwasai, kuma amincewa da jami'a daban, amincewa da kowane kwas a cikinta daban.

SHEKARAR FARKO: WASA WUƘA

Shekarar farko ta yi kama da karatun da aka saba, sai dai ajin ƙarami ne, kuma malami ba ya tauna wa kowa. Ana yin darussa masu zurfi a kan tsara matakan warware matsala da auna saurinsu, da rumbun bayanai, da sadarwar kwamfutoci, da tsaron bayanai, da koyar da na'ura ta hanyar misalai, wanda shi ne ginshiƙin abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira. Akwai darasi guda da ɗalibai kan raina amma shi ya fi kowanne amfani daga baya, watau hanyoyin bincike: yadda ake tsara gwaji, yadda ake auna sakamako, da yadda ake ambaton aikin wani ba tare da an sace shi ba.

Har ila yau akwai zaman ƙara wa juna sani. Ɗalibi zai karanta maƙala, ya tsaya gaban malamai da 'yan'uwansa ɗalibai ya bayyana ta, su kuwa su yi ta yi masa tambayoyi. Yaron da ya taso da tarbiyyar rashin musu da na gaba yakan sha wuya a farko, domin a wannan zaure ana son ya ce wa farfesa, cikin ladabi, hujjar nan ba ta gamsar da ni ba, ga kuma dalili. Sai wanda ya ci darussan shekarar farko da makin da jami'a ta ƙayyade ake bari ya shiga ta biyu.

MALAMI MAI DUBA AIKI

Duk wanda ya taɓa kai yaro koyon ɗinki ko kanikanci ya san cewa sunan shago ba shi ne abin dubawa ba, maigidan shagon ake dubawa. To haka abin yake a nan. Kowane ɗalibin MPhil ana haɗa shi da malami guda, wani lokaci biyu, wanda zai duba aikinsa daga farko har ƙarshe. Shi zai amince da batun bincike, shi zai karanta kowane babi ya mayar da gyara, kuma sai ya sa hannu kundi zai tafi wurin masu jarrabawa.

Saboda haka tun kafin a cika takardar neman shiga, ɗalibi ya binciki malaman sashen. Me wannan malami ya wallafa a shekaru uku ko huɗu da suka wuce? Ɗalibai nawa ke hannunsa yanzu? Waɗanda suka gabata sun gama a kan lokaci? In an miƙa masa babi, mako nawa yake yi kafin ya dawo da shi? Amsoshin nan suna bakin tsofaffin ɗalibansa, kuma tambayarsu ba rashin kunya ba ne. Abin da ya fi jawo shekara biyu ta koma uku ko huɗu shi ne ɗalibi da malaminsa su daina ganin juna. Wani lokaci malamin ne aiki ya yi masa yawa, wani lokaci kuma ɗalibin ne ke ɓuya don bai yi abin da aka sa shi ba. Maganin duka biyun shi ne a tsai da ranar ganawa, ko da sau biyu a wata, kuma ɗalibi ya riƙa rubuta abin da aka yanke a kowane zama.

NEMO TAMBAYA

A nan ne yawancin ɗalibai kan yi tuntuɓe. Ɗalibi zai zo ya ce zai gina manhajar sayar da kaya, ko ta ajiye sunayen marasa lafiya a asibiti. Malami zai ce masa wannan aikin kamfani ne, an yi irinsa dubu, wane sabon sani zai fito daga ciki? Wani kuma zai ɗebo da faɗi, ya ce zai sa kwamfuta ta iya Hausa. Wannan ko ƙungiyar masana ba za ta gama shi a shekara guda ba. Tambayar kirki ƙarama ce, tana da iyaka, kuma akwai ma'aunin da zai nuna an amsa ta ko ba a amsa ba.

Bari mu ɗauki misali daga bakinmu. Akwai manhajojin da ke sauraron magana su mai da ita rubutu, kuma wasunsu sun fara jin Hausa. To amma rubuce-rubuce da muryoyin Hausa da suka fi yawa a intanet na Nijeriya da Nijar ne. Hausarmu ta zango kuwa tana da nata kamannu. Da yawa daga cikinmu ba sa raba namiji da mace a nahawu yadda Bakano ke yi, wasu ba sa bambanta ƙ da k ko ɗ da d a furuci, ga kuma kalmomin Twi da na Turanci da suka zauna daram a cikin zancenmu. Ɗalibi zai iya tambaya: manhajar da aka horar da Hausar Nijeriya, wane irin kuskure take yi in ta ji Hausar zangon Kumasi, kuma awa nawa na muryoyin mutanenmu za a ƙara mata kafin kuskuren ya ragu? Wannan tambaya ce ta MPhil sosai. Tana da iyaka, ana iya aunawa, kuma ɗan zango ya fi kowa damar amsa ta, don shi ke da kunnen da ƙofar shiga gidajen.

Kuma ba daga sama zai fara ba. Kamfanin Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara tun 2013, ya ƙara Twi da Ewe a 2022. Ƙungiyar Masakhane, wadda masu bincike 'yan Afirka suka kafa a 2019, ta fitar da tarin rubutu mai suna MasakhaNER a 2021, da Hausa a cikin harsuna 10 da ya ƙunsa. A 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka wallafa NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter da aka tantance don koya wa na'ura gane yabo da suka a Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin buroka. A nan gida akwai ƙungiyar GhanaNLP da manhajarta ta fassara mai suna Khaya. Aikin ɗalibi na farko shi ne ya karanta irin waɗannan ayyuka, ya nuna daidai inda suka tsaya, sa'an nan ya ce ga ɗan gurbin da zan cike. Wannan shi zai rubuta a takardar ƙudurin bincike, ya kare ta gaban malaman sashe kafin a ba shi izinin farawa.

Harshe misali ne kawai. Wani zai duba yadda za a gano damfara a hada-hadar kuɗin waya, wani yadda hoton ganye zai nuna cutar rogo ko koko, wani kuma aikinsa lissafi ne zalla, alƙalami da takarda, yana tabbatar da cewa wata hanyar warware matsala ta fi wata sauri.

SHEKARA TA BIYU: BABU ƘARARRAWA

A shekara ta biyu ba aji, ba jarrabawar ƙarshen zango, ba mai kiran suna. Wannan ne lokacin da iyaye kan ga yaro zaune gaban kwamfuta dare da rana su ɗauka zaman banza yake yi. Ga abin da yake yi, in muka ci gaba da misalinmu.

Da farko zai nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a, tun da muryoyin mutane zai ɗauka. Dole kowane mai magana ya san abin da za a yi da muryarsa kuma ya yarda, domin Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2012 ta shafi irin wannan aiki. Sa'an nan ya bi gida gida da kasuwa yana ɗaukar magana, maza da mata, tsofaffi da matasa, ya zauna ya rubuta kowace kalma da hannunsa. Rubuta maganar awa ɗaya kan ci awoyi da yawa, kuma wannan wahala ita ce rabin aikin.

Bayan haka zai raba abin da ya tara kashi uku: babban kashi na horar da na'ura, ƙarami na daidaita ta, da wani ƙaramin da zai ɓoye don jarraba ta a ƙarshe. Muryar da ke cikin kashin jarrabawa ba za ta shiga na horarwa ba, in ba haka ba ya zama kamar malamin da ya nuna wa ɗalibi takardar jarrabawa tun da dare. Zai fara auna manhajar yadda take kafin ya taɓa ta, don a sami abin kwatantawa. Ma'aunin kuwa mai sauƙi ne: a ƙirga kalmomin da na'ura ta musanya, da waɗanda ta tsallake, da waɗanda ta ƙara daga kanta, a raba da yawan kalmomin da aka faɗa. In an faɗi kalma 10 ta ɓata 3, kuskurenta kashi 30 cikin 100 ke nan. Daga nan ya ƙara mata muryoyin zango kaɗan kaɗan, yana aunawa yana rubutawa.

Gwaji kan lalace, wuta kan ɗauke ana tsakiyar aiki, wani lokaci a yi wata guda ana bin hanyar da ba ta ɓullewa. Mai yiwuwa ma a ƙarshe sakamako ya nuna dabarar ɗalibin ba ta rage kuskuren ba. Wannan ba faɗuwa ba ce. In ya yi gwajin bisa ƙa'ida kuma ya bayyana dalili, ya ƙara wa duniya sani, ya kuma hutar da na bayansa. Abin da ke kashe ɗalibi shi ne ya gyara lambobi don su yi kyau, ko ya kwafi rubutun wani. Jami'o'i suna bi da kundi ta cikin manhajar gano kwafe irin su Turnitin, kuma wanda ya sa na'ura mai ƙirƙirar rubutu ta rubuta masa babi, ranar kare kundi bakinsa zai tona shi.

KUNDI DA RANAR KARE SHI

Kundin yakan zo babi biyar: gabatar da matsala, bitar ayyukan da suka gabata, hanyar da aka bi, sakamako da tattauna shi, sai kammalawa da abin da ya rage a bincika. Mai hankali yana rubutu tun yana gwaji, ba ya bari sai watan ƙarshe. In malami ya sa hannu, ana aika kundin ga masu jarrabawa, ɗaya daga cikin jami'ar, ɗaya kuma daga wata jami'a dabam wanda bai san ɗalibin ba. Wannan na wajen shi ne ke ba digirin nauyinsa. Dawowar rahotonsu kan ɗauki watanni, don haka iyaye su sani miƙa kundi ba shi ne gamawa ba.

Akwai kuma karewa ta baki, inda ɗalibi zai tsaya gaban kwamiti ya bayyana aikinsa a taƙaice, su tambaye shi don me ya zaɓi wannan hanya ya bar waccan, kuma ina raunin aikinsa yake. Kusan kowa akan ba shi gyare-gyare, ƙanana ko manya, sai ya yi su kafin a amince. Ana kuma ƙarfafa ɗalibi ya fitar da maƙala daga kundin ya aika wa mujallar masana ko babban taro, inda wasu masanan da bai sani ba za su tantance ta.

BATUN KUƊI

A ƙasashe irin su Kanada, ɗalibin digirin bincike a fannin kwamfuta sau da yawa yana samun alawus daga kuɗin binciken malaminsa ko daga taimaka wa koyarwa. A nan gida yawanci ɗalibi ne ke ɗaukar nauyin kansa. Ban da kuɗin makaranta na shekara biyu, a lissafa masauki, da kwamfuta mai ƙarfi, da kuɗin intanet, da zirga-zirgar tattara bayanai, a kuma ajiye wani abu saboda ƙarin zango in aiki ya ja. A tambayi sashe ko akwai gurbin mataimakin koyarwa, ko wani malami yana da aikin bincike mai tallafi daga waje. A kuma duba asusun GETFund, da tallafin hukumar DAAD ta Jamus, da na ƙasashen Kwamanwel ga mai son fita waje. Kowannensu yana da lokacin nema, wanda ya makara sai baɗi.

Da yawa kan haɗa aiki da karatun. A shekarar farko yana yiwuwa, amma a ta biyu sai an yi hattara, don taura biyu ba ta taunuwa. Wanda ba shi da makawa sai ya yi aiki, gara ya nemi tsarin karatu na ɗan lokaci tun farko, ya san shekarunsa za su ƙaru.

WA YA KAMATA YA YI SHI?

Wanda burinsa ƙarin girma a ofis ko albashi mai kauri nan da shekara guda, MSc ko takardun ƙwarewa na sana'a sun fi masa sauri da araha, kuma ba abin kunya a ciki. MPhil na mai son koyarwa a babbar makaranta ne, inda ake neman digiri na biyu mai bincike a matsayin mafi ƙarancin sharaɗi, da mai niyyar wucewa digirin digirgir, watau PhD, da mai son aiki a ɗakin bincike. Irin waɗannan wurare sun fara samuwa kusa da mu. Google ya buɗe cibiyar binciken ƙirƙirarriyar basira a Akra a 2019, kuma a 2023 Jami'ar Ghana ta karɓi baƙuncin Deep Learning Indaba, babban taron masu wannan bincike na Afirka. Tun kafin nan ma ƙasar nan ta ga amfanin mai zurfin karatu a wannan fanni: Farfesa Nii Quaynor, wanda ya yi digirin digirgir a Jami'ar Stony Brook ta Amurka a 1977, kamfaninsa ne ya haɗa Ghana da intanet a 1995.

Ga iyaye kuma, in yaro ko yarinya suka zo da wannan magana, ga tambayoyi huɗu da za ku yi musu, ko da ba ku taɓa taɓa kwamfuta ba. Wace tambaya kake son amsawa? Wane malami zai duba aikinka, kuma ka yi magana da shi? Wa zai biya, har da shekara ta biyu? In ka gama, ina ka nufa? Wanda ya amsa su da Hausar da kakarsa za ta gane, ya san abin da zai je yi, a sa masa albarka a kuma rage masa aike-aiken gida a shekarar bincikensa. Wanda ya kasa, ya ƙara shekara guda yana aiki yana tunani, jami'a ba za ta gudu ba. A ba 'ya'ya mata wannan dama daidai da maza, a kuma yi maganar lokacin aure da su tun da wuri, don kada shekarar kundi ta haɗu da hidimar biki a rasa ɗaya.

Masu shirin nema a bana su fara da karanta maƙala biyu ko uku na malamin da suke so, sa'an nan su rubuta masa gajeriyar wasiƙa su faɗi abin da suka fahimta da abin da suke son bincikawa. Allah ya ba da sa'a.